Yadda Ake Haɗa Wayar Intanet ta Nesa da Na'urar Rarraba Kira ta Ofis

Ofishin da yake da na'urar rarraba kira, wadda masu sana'ar ke ce wa PBX, yakan wayi gari da buƙatar ajiye waya a wani wurin da ba cikin gininsa ba, ko reshe ne a wani gari, ko sito a bayan gari, ko gidan akantan da ke yin wani ɓangare na aikinsa daga gida. Abin da ake so shi ne wayar can ta zama tamkar tana kan tebur a cikin ofis: a buga lambarta ta ciki ta yi ƙara, ita ma ta kira abokan aiki ba tare da an ci kati ba, idan kuma ta kira waje lambar ofis ce za ta fito wa wanda aka kira. Bayanin da ke tafe ya ɗauki misalin Asterisk, manhajar da Mark Spencer ya fara rubutawa a 1999, tare da FreePBX, wato shafin da ake sarrafa ta da shi ta burauza, amma ƙa'idar ba ta canzawa ko da na'urar ofis ɗin ta Grandstream ce, ko Yeastar, ko 3CX.

Saita wayar kanta ba ya cin minti biyar, domin abu uku kawai take nema: adireshin na'urar ofis, lambar ciki, da kalmar sirri. Inda aikin yake shi ne hanyar da ke tsakanin wayar da ofis, kuma yawancin waɗanda ke shafe kwanaki suna fama sun fara ne da danne-danne a jikin wayar tun kafin su san irin hanyar da suke da ita.

Kira ɗaya, hanya biyu

Kowane kiran intanet rabe yake gida biyu. Akwai SIP, wanda ke aiki kamar dillali: shi ne ke yin sallama, ya gabatar da wayar ga na'urar ofis, ya sa ɗaya ɓangaren ya yi ƙara, ya faɗi inda za a sauke kaya, sannan ya rufe ciniki idan an ajiye waya. Yakan bi ta ƙofa (port, wato lambar mashigar da saƙo ke bi ya shiga na'ura) mai lamba 5060, ko 5061 idan an rufe saƙon da TLS, tsarin da ke ɓoye saƙo daga masu leƙe. Sai kuma RTP, wanda shi ne motar da ke ɗauke da kayan, wato muryar kanta, a cikin ƙananan ƙunshi guda 50 a kowace daƙiƙa, kuma yana bin wasu ƙofofi dabam, waɗanda a Asterisk suka kama daga 10000 zuwa 20000 idan ba a sauya su ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne dillali ya isa lafiya mota ta ɓace a hanya: waya ta nuna ta yi rajista, ta yi ƙara, a ɗauka, amma a ji shiru.

Abin da ke ɓatar da motar shi ne NAT, wato yadda rauta, na'urar da ke raba intanet a gida ko ofis, ke ɓoye na'urori da yawa a bayan adireshi ɗaya. Rautar gida ko ta ofis tana da adireshi ɗaya tak a fuskar intanet, na'urorin da ke bayanta kuwa takan raba musu adireshin cikin gida, irin masu farawa da 192.168 ko 10, ko daga 172.16 zuwa 172.31, waɗanda ba su da wata ma'ana da zarar an fita ƙofar gidan. SIP yana da ɗabi'ar rubuta adireshin wayar a cikin saƙon kansa, don haka wayar da ke sito za ta ce wa na'urar ofis, a turo mini murya a 192.168.1.20. Wannan daidai yake da mutumin da ya aika wasiƙa ya ce a mayar masa da amsa a ɗaki na biyu hannun dama, bai faɗi unguwa ba, bai faɗi lambar gida ba. Duk saitin da za a yi nan gaba ƙoƙari ne na gyara wannan kuskure guda ɗaya, ko kuma a kauce masa gaba ɗaya.

A fara sanin irin adireshin da ofis yake da shi

Kafin a sayi waya ko a taɓa wani saiti, a shiga shafin rautar ofis a duba adireshin da kamfanin intanet ya ba ta, sannan a buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na waje a kwatanta. Idan sun zo ɗaya, ofis yana da adireshin fili, ana iya samunsa daga waje. Idan sun bambanta, musamman idan na rautar ya fara da 10 ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin ya sa ofis a bayan nasa NAT ɗin, abin da ake kira CGNAT, inda kwastomomi da yawa ke raba adireshi ɗaya. A irin wannan hali, buɗe ƙofa a rautar ofis ba zai yi amfanin komai ba, domin akwai wata katanga a gaba wadda makullinta ba a hannun ofis yake ba. Haka yawancin layukan 4G da 5G suke, haka kuma tsarin gida na Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023, don haka duk ofishin da ke kan ɗaya daga cikinsu ya ɗauka yana bayan CGNAT har sai ya tabbatar da akasin haka.

Mafita mafi sauƙi ita ce a nemi kamfanin ya ba da adireshin fili wanda ba ya canzawa, wanda galibi sai an ƙara kuɗi. Idan adireshin na fili ne amma yana sauyawa lokaci zuwa lokaci, sai a yi amfani da DDNS, wato suna guda da rauta ke sabunta masa adireshi duk sa'ad da ya canza. Idan kuwa babu hanyar samun adireshin fili ko kaɗan, sai a yi hayar ƙaramar saba a intanet ta zama mahaɗa, ofis da reshe kowa ya fita ya same ta a can. A nan a lura da garin da sabar take, domin idan tana Jamus, kiran da aka yi daga Kaduna zuwa ofis a Kano sai ya je Turai ya dawo; wadda ke Legas ta fi dacewa da irin wannan aiki.

Hanyar VPN, wadda ita ce ta fi

A ganina duk wanda yake da zaɓi ya bi ta VPN. Dalili kuwa shi ne VPN yana haƙa rami rufaffe tsakanin wuraren biyu, wayar nesa ta sami adireshin da na'urar ofis za ta iya kaiwa gare shi kai tsaye, maganar ɗaki na biyu hannun dama ta zama daidai tunda yanzu gida ɗaya ne. Ƙofa ɗaya ce kawai za a buɗe a ofis maimakon ɗaruruwa, kuma muryar tana tafiya a rufe ba tare da an ƙara wani saiti ba.

Idan reshen yana da wayoyi biyu ko fiye, a haɗa rauta da rauta. Nau'in VPN mai suna WireGuard ne ya fi sauƙin saiti a nan, kuma rautocin MikroTik masu RouterOS 7 suna zuwa da shi, ana kuma iya ƙara shi a rautocin da ke aiki da manhajar pfSense ko OpenWrt. Kowace rauta za ta ƙirƙiri makulli biyu, na sirri da na fili, a yi musayar na filin, a buɗe ƙofar UDP (ɗaya daga hanyoyin aika saƙo a intanet) guda a ofis, wadda bisa al'ada ita ce 51820, sannan a gaya wa rautar reshe adireshin ofis. A ɓangaren da ke bayan NAT a sa PersistentKeepalive ya zama 25, domin ramin ya riƙa motsi duk bayan daƙiƙa 25 kada hanyar ta rufe. A wurin AllowedIPs kuma a rubuta rukunin adireshin ofis kaɗai. Idan aka rubuta 0.0.0.0/0, duk wani bidiyo da ma'aikatan reshe za su kalla sai ya biyo ta layin ofis, ya matse muryar da aka yi aikin dominta.

Akwai tuntuɓe guda da ke kayar da mutane da yawa a wannan mataki. Rautoci da dama suna fitowa daga kwali da rukunin 192.168.0 ko 192.168.1, saboda haka abu ne mai yiwuwa ofis da reshe su kasance a rukuni ɗaya. Idan haka ta faru, wayar reshe za ta riƙa neman na'urar ofis a cikin ɗakin da take, ba za ta taɓa shiga ramin ba, ko da kuwa VPN ɗin yana nuna ya haɗu. Maganin shi ne a sauya rukunin ɗayansu tun farko, misali ofis ya zama 192.168.10, reshe na farko 192.168.20, na biyu 192.168.30. Bayan haka a shiga FreePBX, sashen Asterisk SIP Settings, a ƙara rukunin reshe da na ramin VPN a cikin Local Networks. Idan aka manta da wannan, Asterisk zai ɗauki wayar reshe a matsayin baƙuwa daga waje ya ba ta adireshinsa na fili, murya ta fice daga ramin ta ɓace.

Idan waya ɗaya ce a gidan ma'aikaci, inda ba ofis ke da iko da rautar ba, sai a sa VPN ɗin a cikin wayar kanta. Wayoyin tebur da yawa na Yealink da Grandstream suna da wani nau'in VPN mai suna OpenVPN a ciki. A Yealink ana haɗa fayil ɗin saiti mai suna vpn.cnf da makullai a ƙunshin tar guda, a loda shi ta shafin wayar, a kunna VPN, wayar ta sake tashi. Amfanin wannan shi ne duk inda aka kai wayar aka soka mata kebul mai intanet za ta nemo ofis da kanta. Sai dai a tabbatar agogonta daidai yake, wato tana samun lokaci daga sabar NTP da ke intanet, ba wadda ke cikin ofis ba, domin wayar da ta tashi tana zaton ana wata shekarar da ta wuce za ta ƙi amincewa da takardar shaidar VPN, kuma ba lallai ne ta faɗi dalili a allonta ba.

Hanyar kai tsaye, idan ta zama dole

Wani lokaci VPN ba ya yiwuwa, misali idan wayar tsohuwa ce. A nan sai a tura ƙofar SIP da ƙofofin RTP daga rautar ofis zuwa adireshin na'urar, duka ta UDP idan ba TLS ake amfani da shi ba. Ba dole ba ne a buɗe dubu goman nan gaba ɗaya: kiran murya tsakanin wayoyi biyu ta cikin na'urar ƙofa huɗu yake ci, don haka daga 10000 zuwa 10200 ya ishi ƙaramin ofis, muddin an rage iyakar a cikin Asterisk ma ta zo daidai da ta rauta.

Sannan a gaya wa Asterisk adireshinsa na waje. A FreePBX wurin shi ne External Address. Ga mai rubuta fayil da hannu kuwa, external_signaling_address da external_media_address da local_net ne a sashen transport na pjsip.conf, kuma sai an sake tayar da Asterisk kafin sauyin ya kama. Wanda ya ci karo da tsohon bayani mai maganar nat=yes a sip.conf ya san na chan_sip ne, tsohon sashen SIP na Asterisk, wanda aka cire gaba ɗaya daga Asterisk 21 a 2023. PJSIP ne ake aiki da shi yanzu. A kan lambar cikin da za ta zauna nesa, saiti huɗu ne ke da muhimmanci. Da rewrite_contact=yes da force_rport=yes ake hana Asterisk yarda da adireshin da wayar ta rubuta, a sa shi ya mayar da amsa inda saƙon ya fito a zahiri. Shi kuma rtp_symmetric=yes haka yake yi wa murya. Na huɗu shi ne direct_media=no, wanda ke hana Asterisk janye jiki daga tsakani ya bar wayoyi biyu su tura wa juna murya kai tsaye, abin da ba zai yiwu ba idan kowacce tana bayan katangarta.

A rautocin ɓangarorin biyu a nemo abin da ake kira SIP ALG a kashe shi. An yi shi ne da niyyar taimako, ya riƙa gyara adireshin da ke cikin saƙon SIP, amma a rautoci masu araha yakan gyara rabi ya bar rabi, ya rikita gyaran da Asterisk ke yi. Na taɓa shafe yini a wani sito ina sauya saiti, wayar tana nuna koren alama, ina jin ofis rangaɗau su kuwa ba sa ji na, har mai gadi ya gaji da kallona yana tambaya ko lafiya nake ta faɗa wa waya "kana ji na?" tun hantsi. Da la'asar na gano ɗan akwatin SIP ALG a can ƙarƙashin shafin tsaro na rautar, na cire alamar, na kashe na kunna, murya ta dawo nan take. Idan rautar ba ta ba da damar kashe shi ba, sauya ƙofar SIP daga 5060 zuwa wata lamba, ko komawa TLS, yakan sa ya daina gane saƙon ya ƙyale shi.

Ƙofar 5060 da aka buɗe wa duniya ba ta daɗewa ba a fara ƙwanƙwasa ta ba. Akwai manhajojin da aikinsu dare da rana shi ne zagaya intanet suna gwada lambobi irin su 100 da 101 da kalmomin sirri masu sauƙi, idan suka dace sai su yi ta buga kira zuwa lambobin ƙasashen waje masu tsada, galibi cikin dare ko ƙarshen mako, ofis ya wayi gari da bashi. Saboda haka kalmar sirrin kowace lamba ta zama doguwa wadda na'ura ta ƙirƙira, ba lambar wayar ba kuma ba sunan kamfani ba. Idan reshe yana da adireshi tsayayye, a bar shi kaɗai ya shigo ta katangar tsaro. A kunna fail2ban domin ya toshe duk adireshin da ya yi ta kuskuren kalmar sirri, a hana lambobin nesa kiran ƙasashen waje idan aikinsu bai buƙata ba, kuma kada a taɓa buɗe shafin sarrafa FreePBX ga intanet. TLS da SRTP, wato RTP ɗin da aka rufe, suna hana a saurari kira a hanya, amma ba sa hana wanda ya sami kalmar sirri shigowa.

Wayar kanta da ingancin murya

Yanzu ne za a taɓa wayar, kuma ya fi kyau a fara saita ta a cikin ofis a tabbatar tana aiki kafin a ba direba ya kai ta. A sauya kalmar sirrin shafinta, wadda a wayoyi da yawa admin ce daga kamfani. A wurin SIP Server a sa adireshin cikin gida na na'urar idan ta VPN ne, ko sunan DDNS idan kai tsaye ne. A rage wa'adin rajista daga daƙiƙa 3600 da wayoyi da yawa ke zuwa da shi zuwa kamar 120, a kunna Keep Alive, wato ɗan saƙon da waya ke aikawa don kada hanya ta yi shiru, kowace daƙiƙa 25 ko 30, domin rauta takan rufe hanyar UDP da ta ga ta yi shiru. Mai son amfani da manhaja irin Zoiper ko Linphone a wayar hannu ya sani cewa Android da iPhone sukan kwantar da manhajar da ba a taɓa ba don tattalin batir, kira ya shigo ba ta yi ƙara ba. Ga wanda aikinsa amsa kira ne, wayar tebur ta fi aminci.

Murya ba ta cin data mai yawa. Tsarin G.711, wanda nau'insa na alaw ne ake amfani da shi a Afirka da Turai, yana ɗaukar kilobit 64 a daƙiƙa, ya kai kusan 87 idan an haɗa da kayan naɗinsa, wato kimanin megabayit 40 a awa ta kowace fuska. G.729 yana sauka zuwa kusan kilobit 31, sai dai muryar takan ɗan dushe. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri da tangal-tangal. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce milidaƙiƙa 150, bayan haka mutane sukan fara katse juna. Layin tauraron ɗan'adam irin na da, mai nisan kusan kilomita 36,000, zuwa da dawowarsa ya haura rabin daƙiƙa, kuma babu saitin da zai gyara wannan. A haɗa wayar da kebul maimakon Wi-Fi, a kuma ba murya fifiko a rauta, domin ma'aikaci ɗaya da ke loda manyan hotuna ya isa ya sa murya ta riƙa yankewa.

Gwaji da gano inda cuta take

A allon umarni na Asterisk, pjsip show contacts zai nuna ko wayar ta yi rajista, da adireshin da aka san ta da shi, da tsawon lokacin da amsarta ke ɗauka. Daga wayar nesa a buga *43, gwajin amsa-kuwwa na FreePBX. Idan mutum ya ji muryarsa ta dawo, hanyar murya a buɗe take ta fuska biyu. Sannan a yi kira na gaske a bar shi ya wuce minti biyu, a kuma bar wayar ta zauna shiru na rabin awa a kira ta daga ofis.

Kowace alama tana nuna wurin da za a duba. Amsar 401 a farkon rajista ba laifi ba ce, tambayar kalmar sirri ce. Idan tana ta maimaituwa ba ta ƙare da 200, lambar amincewa, ba, sunan ko kalmar sirrin ne ba daidai ba. Idan babu amsa sam, saƙon bai isa ba, a koma kan katanga da tura ƙofa. Kiran da ke yankewa daidai wajen daƙiƙa 32 kusan kullum yana nufin saƙon tabbatarwa na ACK ya tafi adireshin da ba shi ba, wato External Address ko Local Networks ba daidai suke ba. Murya ta ɓangare ɗaya matsalar ƙofofin RTP ce ko SIP ALG. Wayar da ke iya kira amma ba ta karɓa bayan ta ɗan zauna, rautar can ce ta rufe hanya, a rage tazarar Keep Alive da ta qualify_frequency, wato saitin tazarar da Asterisk ke leƙa wayar. Manhajar sngrep tana zana saƙonnin kira ɗaya bayan ɗaya a allo, kuma duk inda aka ga adireshi mai 192.168 a saƙon da ya fita intanet, nan ne kuskuren yake.

Saura wuta. Wayar nesa tana dogara da na'urar ofis, da rautar ofis, da rautar can, don haka duka ukun a sa su a kan UPS ko inbata, in ba haka ba ɗaukewar wutar Kano za ta kashe wayar Kaduna ko da can akwai wuta. A kuma sanar da ma'aikatan reshe a rubuce cewa kiran gaggawa na 112 da aka buga ta wannan waya zai fita ne ta layin babban ofis, kamar daga can garin aka kira, saboda haka idan gobara ta tashi ko wani ya faɗi, da wayar hannu za su kira.